Tsohuwar Sabar Da Sabuwa A Kwamfuta Ɗaya: A Bar Su Su Zauna Tare, Amma Da Sharaɗi

Duk matashin da ya fara koyon gina shafin intanet da wayarsa ya san wannan ranar. Ya sauke Termux, ya saka Apache, ya tayar da ita, ya buɗe burauza ya rubuta localhost:8080, sai ga rubutun nan "It works!" a saman allo. Murna har kunne. Bayan kwana biyu ya ji ana yabon Nginx, ya ce bari ya gwada ita ma. Ya saka, ya tayar, ta ƙi tashi, ta jefo masa layi ɗaya mai ƙarewa da "Address already in use". Da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa na'ura ɗaya ba ta ɗaukar sabar biyu, dole a goge ɗaya kafin a saka ɗaya. Wasu ma sun girma a harkar, suna karɓar aiki ana biyan su, amma har yau da wannan fahimtar suke tafiya.

Fahimtar ba daidai ba ce, kuma tana jawo asara. Na'ura ɗaya tana iya ɗaukar Apache da Nginx tare, tana iya ɗaukar siga biyu na Apache ɗin kanta, tana iya ɗaukar PHP 7.4 da PHP 8.3 kowanne yana hidimar shafinsa ba tare da ya san da zaman ɗan'uwansa ba. Ga wanda kwamfutarsa ɗaya ce tak, ko sabar haya ɗaya yake iya biya a wata, iya wannan haɗin yana cikin abubuwan da ya kamata ya koya da wuri, tun kafin ya kai ga yawancin abubuwan da ake ɗoki a bidiyon koyarwa. Sai dai akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ne mutane suka fi watsarwa.

Abin da ya hana Nginx tashi a wancan misalin ƙaramin abu ne. Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, manhaja ce da ke zaune tana jiran buƙata ta wata ƙofa mai lamba. Kowace na'ura tana da irin waɗannan ƙofofi har 65535. An ware lamba 80 ga shafin da ba a rufe bayanansa ba, 443 ga wanda aka rufe, wato mai alamar kwaɗo a burauza. Manhaja biyu ba sa tsayuwa a ƙofa ɗaya ta adireshi ɗaya a lokaci ɗaya. Wadda ta riga zuwa ita ke da wurin. A tsarin Linux, wanda Android ta samo asali daga gare shi, ƙofofin da ke ƙasa da 1024 sai mai cikakken iko da na'urar yake buɗe su. Shi ya sa masu Termux suka saita Apache a 8080, suka kuma saita Nginx a 8080 ɗin. Rigimar ke nan gaba ɗayanta. A buɗe fayil ɗin saiti, a mayar da ɗaya 8081, su biyun su tashi lafiya lau. Haka masu XAMPP a Windows suka sha fama shekarun baya, lokacin da Skype ke kame ƙofa 80 da 443 tun kafin Apache ta farka.

To, me zai sa mutum ya so siga biyu tun farko? Amsar tana cikin tarihin PHP, harshen da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, wanda WordPress da mafi yawan ƙananan shafukan makarantu da shaguna ke tsaye a kansa. PHP 5.6 ta fito a 2014. A ƙarshen 2015 aka fitar da PHP 7.0, aka tsallake lamba 6 gaba ɗaya, kuma a wannan sigar aka cire tsohuwar hanyar magana da rumbun bayanai, wato mysql_connect da 'yan'uwanta. Duk shafin da aka rubuta da su, ranar da aka ɗora shi a kan PHP 7 ranar zai mutu. A Nuwamba 2020 PHP 8.0 ta zo ta cire wasu kuma, irin su each da create_function. A ɗaya ɓangaren, sababbin kayan aiki ba sa waiwaye: Laravel 11 ba ta yarda da abin da ya gaza PHP 8.2, WordPress kuwa ta yi sallama da PHP 5 tun daga siga 6.3 a 2023.

A ɗauki misalin da ba baƙo ba ne a Kano ko Kaduna ko Zariya. Wata makarantar kuɗi tana da shafin duba sakamako da wani ya rubuta mata wajen 2015, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Shafin yana aiki, iyaye suna shiga da lambar kati suna ganin makin 'ya'yansu ƙarshen kowane zango. Yanzu mai makarantar yana son sabon shafin biyan kuɗin makaranta, ya kira wani matashi. Matashin zai gina da Laravel. Sabar haya ɗaya ce, da dala ake biyanta, kuma mai makaranta ba zai ƙara ta biyu ba, wanda duk ya ga yadda canjin dala ya koma ba zai zarge shi ba. Idan matashin ya ɗaga PHP zuwa 8.2 don sabon aikinsa, shafin sakamako ya faɗi, mai yiwuwa a satin da ake rufe makaranta. Idan ya bar 5.6, nasa aikin ba zai tashi ba. Babu mafita ta uku da ta wuce a zaunar da sigogin biyu tare na wani lokaci.

Akwai masu cewa wannan lalaci ne, a sake rubuta tsohon shafin kawai a huta. Maganarsu tana da gaskiya a ƙarshen tafiya, amma ta tsallake tsakiyar. Sake rubutawa aiki ne na makonni, wani lokaci watanni, kuma a duk tsawon wannan lokacin dole tsohon ya ci gaba da aiki. Sannan ta yaya za a tabbatar sabon yana fitar da abin da tsohon ke fitarwa, in ba a ajiye su gefe da gefe an gwada ba? Nan ne wurin da ya fi muhimmanci, domin ba kowane canji ne yake ihu ba. Cire mysql_connect ya zo da sauƙi ta wani fannin: shafi ya faɗi, kowa ya gani, an gyara. Mai haɗari shi ne canjin da ke wucewa shiru. A PHP 7, idan aka kwatanta lamba 0 da kalma irin "ABS" da alamar daidai guda biyu, amsar ita ce e, daidai suke. A PHP 8 amsar ta koma a'a. Babu saƙon kuskure, babu jan rubutu. A shafin sakamako da ke amfani da irin wannan kwatancen wajen raba wanda ya ci sifili da wanda bai zauna jarrabawa ba, sigar PHP kaɗai tana iya sauya abin da zai fito a takardar yaro. Wanda ya ɗora kwafin shafin a ƙofa 8074 da kuma 8083, ya buɗe sakamakon aji ɗaya a duka biyun ya jera su, zai kama wannan cikin minti goma. Wanda ya goge tsohuwar ya saka sabuwa, sai uban yaro ya zo ofis da takarda a hannu sannan zai sani.

Ita ma Apache tana da irin nata. Da aka fitar da siga 2.4 a 2012 an sauya yadda ake rubuta izinin shiga folda. Layukan da aka saba, "Order allow,deny" da "Allow from all", suka koma "Require all granted". An bar wani ƙari da ke fahimtar tsohon salon, amma cakuɗa salon biyu a saiti ɗaya yana haifar da abin da ba a zata ba: ko dai a rufe foldar da ya kamata ta buɗu, ko kuma, wanda ya fi muni, a bar a buɗe wadda aka ɗauka a rufe take. Foldar da ake ajiye hotunan fasfo na ɗalibai ba wurin gwaji ba ne a sabar da jama'a ke shiga.

Yadda ake zaunar da su kuwa bai kai yadda ake tsoronsa ba. Sabar biyu suna faɗa ne a kan abubuwa ƙalilan: ƙofar da suke saurare, foldar da aka girka su, fayil ɗin saitinsu, fayil ɗin da kowacce ke rubuta lambar aikinta don a san wadda za a kashe, da wurin ajiye rahoton abin da ya faru. Aka raba waɗannan, an gama. Mai Windows zai iya girka XAMPP sau biyu a folda daban-daban, ɗaya mai PHP 7.4 ɗaya mai 8.2, ya sauya layin Listen a httpd.conf na ɗayan, ya sauya 443 a saitin SSL, ya kuma tuna cewa MySQL ɗin da ke ciki su ma za su yi karo a 3306. Laragon ta sauƙaƙa wannan, ana zuba sigogin PHP a folda a zaɓa daga jeri, ko da yake a saitinta na asali sauyawa ake yi daga wannan zuwa wancan. Mai Linux da ke son Apache biyu masu siga daban zai harhaɗa ta biyun daga tushe ya ba ta gidanta a ƙarƙashin /opt, nesa da wadda tsarin ya zo da ita.

Amma gaskiyar magana, sau tara cikin goma ba Apache biyu ake buƙata ba, PHP biyu ake buƙata, kuma a nan mutane ke shan wahalar banza. Tsohuwar hanyar haɗa PHP da Apache, wato mod_php, tana cusa PHP ne a cikin jikin Apache, don haka siga ɗaya kawai take ɗauka. Wanda ya tsaya a kanta dole ya tayar da Apache guda don kowace siga. Hanyar da ta fi ita ce PHP-FPM, wadda aka shigar cikin PHP tun siga 5.3.3 a 2010. A nan PHP tana zaune ne a gefe a matsayin ma'aikaciya mai zaman kanta, sabar tana miƙa mata aiki tana karɓar amsa. Tunda a gefe take, ana iya samun biyu ko uku. A Ubuntu da Debian, ma'ajiyar da Ondřej Surý, wani mai aikin Debian ɗan ƙasar Czech, ya daɗe yana kula da ita tana ba da damar saka php7.4-fpm da php8.3-fpm tare, kowacce da foldar saitinta a ƙarƙashin /etc/php da mahaɗarta a /run/php. Sai a gaya wa Nginx ko Apache cewa shafin sakamako ya bi ta waccan mahaɗar, shafin biyan kuɗi ya bi ta wannan. Layi ɗaya ne a saitin kowane shafi. Masu hayar sabar mai cPanel ma abin da ke faruwa ke nan a bayan fage idan suka shiga MultiPHP Manager suka zaɓar wa kowane shafi sigarsa.

Akwai wani tarko a nan da ya cinye wa mutane dare da yawa. Mutum ya rubuta php -v a baƙin allo, ya ga 8.3, ya saki jiki. Alhali wannan umarnin yana nuna sigar layin umarni ne kawai, shafin kuwa yana iya kasancewa yana bi ta 7.4. Ko kuma ya gyara php.ini don a iya ɗora babban fayil, ya sake tayar da komai, abu ya ƙi canzawa, domin ya gyara na foldar cli ne, shafin kuma na foldar fpm yake karantawa. Hanyar tabbatarwa ita ce a ajiye ɗan fayil mai kiran phpinfo a cikin shafin kansa, a buɗe a burauza, a karanta sigar da hanyar fayil ɗin saitin, sannan a goge shi nan take. Barinsa a wurin tamkar liƙa taswirar gida ne a bakin titi.

Saura tambayar da mai hankali zai yi: in ƙofa 80 da 443 ɗaya ce, kuma ba za a ce wa iyayen yara su riƙa rubuta lambar ƙofa a bayan adireshi ba, ya za a yi? Sai a ajiye sabar guda a gaba ta zama mai gadi. Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a Rasha a 2004, ta ƙware a wannan aikin. Ita kaɗai ke tsaye a 80 da 443, ita ke riƙe da takardar shaidar tsaro, ta duba sunan shafin da aka nema ta tura buƙatar ciki, wannan zuwa 8081, wancan zuwa 8082. Mai ziyara bai san ana yi ba. Wannan tsarin yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ranar ƙaura, sauya lamba ɗaya ce a layin proxy_pass. In sabon ya ba da matsala, a mayar da lambar, cikin daƙiƙa kaɗan an koma inda ake. Wanda ya goge tsohuwar sigar ba shi da wannan hanyar komawa, sai dai addu'a da neman tsohon fayil a dare.

Wani ɓangaren masu suka daga sama suke zuwa. Su a wurinsu duk wannan tsohon yayi ne, Docker ta magance shi tun 2013: kowace manhaja a akwatinta, da sigarta, da kayanta, babu mai taɓa wani. Ba ƙarya suka yi ba. A sabar haya mai isasshen ƙarfi, ko a ƙungiyar mutum biyar da ke son kowa ya yi aiki da abu iri ɗaya, Docker ta fi tsafta, kuma duk mai son ci gaba a harkar zai koye ta ko ba daɗe ko ba jima. Inda suka kuskure shi ne ɗaukar cewa kowa yana zaune a inda suke zaune. Hotunan Docker na PHP da MySQL ɗaruruwan megabait ne kowanne, kuma wanda ke sayen data da gigabait ɗaya-ɗaya yana jin kowane saukewa a aljihunsa. A Windows, Docker tana tayar da Linux ne a ciki, wanda ga tsohuwar laftof mai RAM gigabait 4 nauyi ne na gaske, ga batir da ake lallaɓawa kafin a kawo wuta. A wayar Android da ba a fasa ba kuwa ba ta tashi sam. Bayan haka, Docker ba ta kawar da maganar ƙofa ba. Akwati biyu da suka nemi ƙofa 80 ta na'urar za su yi karo kamar yadda Apache da Nginx suka yi a Termux. Wanda bai fahimci abin a ƙasa ba zai je sama ya tarar da shi yana jira, da saƙon kuskure mai tsawo.

Ga mai waya zalla, iyakar abin da zai iya a bayyane take, amma ba ƙarama ba ce. Ma'ajiyar Termux siga ɗaya take ajiyewa ta kowace manhaja, mafi sabunta, don haka ba a samun tsohuwar PHP kai tsaye. Hanyar ita ce proot-distro, wadda ke girka cikakken Debian ko Ubuntu a cikin Termux ba tare da fasa waya ba. Tunda kowane fitowar waɗannan tsare-tsaren da sigar PHP ɗinsa yake zuwa, misali Debian 11 da 7.4, Debian 12 da 8.2, Ubuntu 24.04 da 8.3, ana iya samun tsohuwa a ciki, sabuwa a waje. Ba ma sai an tayar da Apache ba: tun siga 5.4 PHP tana da 'yar sabar gwaji a jikinta, php -S localhost:8000 ya wadatar, ɗayar kuma a ba ta 8001. Zai yi jinkiri, kuma daga Android 12 tsarin yana kashe ayyukan bayan fage idan suka yi yawa, don haka sabar na iya mutuwa ana tsakiyar aiki. Wannan na koyo ne da gwaji. Wanda ya ce zai riƙe shafin abokin ciniki a wayar da yake kallon TikTok da ita, ya nemi wata sana'ar.

Yanzu ga sharaɗin. Duk abin da aka faɗa a sama hujja ce ta zaman wucin gadi, kuma mafi yawan ɓarnar da ake gani tana zuwa ne daga mayar da wucin gadi dindindin. Masu PHP sun daina toshe ramukan tsaro na 5.6 a ƙarshen 2018, na 7.4 a Nuwamba 2022. Apache 2.2 ta samu fitowarta ta ƙarshe a 2017. Ma'ana duk ramin da aka gano bayan nan, su ba za su toshe shi ba. Debian da Ubuntu sukan ci gaba da yi wa sigar da suka zo da ita faci muddin fitowar tasu tana cikin wa'adi, amma shi ma wa'adin yana ƙarewa, kuma wanda ya harhaɗa tasa a /opt ya fita daga wannan inuwar gaba ɗaya: umarnin sabunta tsarin ba zai taɓa ta ba, shi ne zai tuna da ita, kuma yawanci ba ya tunawa. Sauƙin zaunar da siga biyu shi ne kuma haɗarinsa. Da zarar shafin biyan kuɗi ya tashi, shafin sakamako bai faɗi ba, mai makaranta ya biya, babu sauran abin da ke matsa wa kowa ya koma kan tsohon. Shekara uku ta wuce yana nan, ɗauke da sunaye da hotuna da lambobin wayar iyaye, a na'ura ɗaya da shafin da kuɗi ke bi.

Abin da mantuwa irin wannan ke jawowa ba hasashe ba ne. A 2017 masu kutse suka shiga kamfanin Equifax na Amurka ta wani rami a Apache Struts, wata manhajar gina shafuka daban da sabar Apache, suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. An fitar da facin ramin tun watan Maris, kutsen ya fara a watan Mayu. Kamfani ne mai ma'aikatan tsaro da kasafin kuɗi, abin da ya kayar da shi shi ne wani sashe da ba a sabunta ba. Masu kutse ba sa zaɓar babba ko ƙarami, manhajoji suke saki suna bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofofi, kuma 8080 da 8081 suna cikin na farko da ake ƙwanƙwasawa.

Kada kuma a ɗauka sabo kullum shi ne mai lafiya. A Oktoba 2021 aka gano cewa Apache 2.4.49 tana da ramin da ke barin baƙo ya karanta fayilolin da ke wajen foldar shafi a wasu saituna, ramin da sigogin baya ba su da shi. Aka fitar da 2.4.50 don gyara, gyaran bai cika ba, sai da aka sake fitar da 2.4.51 cikin 'yan kwanaki. Wanda ya iya ajiye sigogi gefe da gefe, da mai gadi a gaba, a irin wannan satin sauya lamba kawai yake yi.

Don haka tsohuwar siga tana da ladubban zama. Ta saurara a 127.0.0.1 kaɗai, wato cikin gida, ta yadda babu mai isa gare ta sai ta hannun mai gadi. Wanda ya bar ta a 0.0.0.0 ya buɗe ta ga duk duniya, a waya ko laftof kuwa ga duk wanda ya hau hotspot ɗinsa ko wayfay ɗin da suke tarayya. Umarnin ss -ltnp a Linux, ko netstat -ano a Windows, yana nuna wace manhaja ke tsaye a wace ƙofa da kuma wane adireshi. Ya kamata duba shi ya zama ɗabi'a. Sannan kowace siga ta yi aiki da sunan mai amfani daban, domin idan duka biyun suna gudana a matsayin www-data, wanda ya fasa tsohon shafin zai miƙa hannu ya karanta kalmar sirrin rumbun bayanan sabon. Rumbun ma a raba, kowane shafi da mai shigarsa da iyakar ikonsa. Lokacin gwaji kuma kwafin bayanai ake ba sabuwar siga, kada a haɗa su biyun su riƙa rubutu a rumbu ɗaya na gaske.

Na ƙarshen ladubban ba na kwamfuta ba ne, kuma shi ya fi wuya. Matashin da ya karɓi aikin makarantar nan ya kamata tun ranar ciniki ya faɗa wa mai makaranta cewa tsohon shafin yana kan abin da masu shi suka daina kula da shi, cewa zai zaunar da shi ne zuwa wani lokaci, kuma ƙaurar da shi aiki ne daban mai kuɗinsa. A rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne, da wata da shekara. Da yawa suna jin nauyin faɗin haka, suna tsoron kada a ce suna neman ƙarin kuɗi ne, ko a ba wani aikin. Amma ranar da aka wayi gari shafin sakamako yana tura iyaye zuwa shafin caca, ba wanda zai nemi wanda ya rubuta shi a 2015. Wanda ya taɓa sabar a ƙarshe shi za a kira, kuma sunansa ne zai zaga a tsakanin masu makarantun unguwar. Hutun dogon zango, lokacin da babu mai duba sakamako, ya isa a ɗora kwafin tsohon shafin a kan PHP 8, a bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, a jera sakamakon aji biyu ko uku a gwada, a sauya layin nan a Nginx, a bar tsohuwar a kashe na sati biyu ko za a buƙaci komawa, sannan a cire php5.6-fpm daga na'urar.